Ƙamshin Juma'a a Ouidi

Ranar Juma'a da hantsi hanci kaɗai ya isa ya shaida wa baƙo cewa unguwar Ouidi ta Wagadugu na shirin masallaci.

Dattawa ba sa sakin Bintu Sudan, turaren mai da ya fito tun 1920, wanda ake haɗawa a Kano. Babu barasa a cikinsa, shi ya sa dattijo ke ɗiga shi a tafin hannu, ya murza, ya shafa wa gemu da wuyan riga hankali kwance. Yana kama shadda ƙwarai.

Samari kuwa sai na fesawa daga Dubai. Mai arhar cikinsa abin tausayi ne, zafin Afrilu kan cinye shi kafin azahar.

Mata sun fi kowa haƙuri: humra a fata, turaren wuta a kasko, zane a kan kabbasa tun daren Alhamis.