Wa Zai Tarbi Ɗan Kura Idan Ya Sauka a Alƙahira?

Ranka ya daɗe shugaban al'umma, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa ɗalibai da 'yan kasuwa mazauna Alƙahira, Allah ya saka da alherin zuwa.

Maganata a kan yaran da ke sauka a filin jirgin garin nan ne daga ƙasar Kano, musamman 'ya'yan manoman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam. Ya kamata mu fara sanin inda kuɗin tikitinsu ya fito. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya biyo magudanai ya shiga gonakin Kadawa, manomin yankin ya samu kuɗi a hannu da rani, abin da kakansa bai sani ba. Uba ya sayar da buhunan shanshera, ya kai kwandunan tumatir Kwanar Gafan, ya haɗa da ɗan abin da uwa ta tara a adashe, sannan yaro ya hau jirgi. Wannan kuɗi kuwa ba shi da tabbas. A 2016 tsutsar sharon ta cinye tumatirin yankin, daga 2023 kuma darajar naira ta zube, abin da ke isa shekara ya koma na 'yan watanni. Idan aka cuci yaro a makonsa na farko, amfanin gonar gida guda aka cinye.

Kuma a makon farkon ne ake cutarsa. Jirgi ya sauke shi da tsakar dare, layin wayarsa na gida ba ya aiki, adireshin da ke aljihunsa na wani ne da ya tashi daga unguwar Hayyul Ashir tun bara. Yaron da ya haddace Alƙur'ani, ya sauke Ajurumiyya, sai ya tsaya gaban direban tasi ya kasa gane ko kalma ɗaya, domin Larabcin titi daban ne da na littafi. Direban ya yi dariyar fusahar tasa, ya ninka masa kuɗi. Idan a Janairu ya zo, sanyi ya same shi cikin 'yar shara da silifa. Gari na wayewa ga batun iƙama, wato izinin zama, a Abbasiyya, ga takardun makaranta da ba a buga musu hatimin da ake nema tun daga Abuja ba, ga dillalin da zai ce ya san hanya, ya karɓi fasfo da daloli. Manomin Bunkure ya san dashen tumatir da yamma ake yinsa, a ba shi ruwa nan take, don wanda ya yi yaushi ranar farko da wuya ya kamo 'yan'uwansa. Haka ma ɗalibin da ya fara da tsoro da bashi, yakan shekara bai dawo daidai ba, wani ma karatun ke nan.

Na san wasu dattawanmu za su ce su ma haka suka sha, kuma wahalar ce ta gyara su. Allah ya ƙara girma, amma waɗanda suka jure ne suke zaune a ɗakin nan. Waɗanda suka karaya suka koma gida babu digiri babu kuɗin gona, ba a gayyace su su ba da shaida ba. Wasu kuma za su ce aikin ofishin jakadanci ne, ko na gwamnatin da ta turo. To yawancin 'ya'yan manoman nan ba gwamnati ce ta turo su ba, ofishi kuma ba ya buɗewa ƙarfe biyun dare. Mun ga abin da ya faru da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023: ɗalibanmu na Khartum suka kwashe kwanaki a kan iyakar Masar kafin a kwaso su ta Aswan. Hukuma ta zo, amma ta ɗauki lokaci. Masu cewa ai yanzu komai na cikin waya, su tuna ta cikin wayar ce dillalan bogi suke kama iyaye tun suna Kura.

Abin da nake roƙo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Zangon Hausawa daga Kumasi zuwa Maiurno ya daɗe da sanin mai masauki, wanda zai sauki baƙo, ya adana masa kaya, ya tsaya masa a ciniki. A garin nan ma, a da Azhar tana da ruwaƙin Barnawa, wato masaukin da ɗalibin ƙasarmu yake samun makwanci da gurasa. Shehu Muhammadu Alkashinawi, masanin lissafin nan na Katsina, a gidan Hasan Aljabarti ya zauna har ya rasu a 1741. Bare ne ya sauki namu a lokacin, mu da muke jini ɗaya ba mu da hanzari.

Saboda haka ina neman wannan taro, kafin mu tashi, ya naɗa mutanen da za su riƙe lambar waya guda wadda za a aika wa limamai da makarantun Islamiyya na Kura da Bunkure, kada yaro ya hau jirgi sai sunansa da ranar saukarsa sun iso mana. A ware ɗaki na mako biyu, da wanda zai raka shi Abbasiyya, iyayenmu mata kuma su karɓi 'yan matan. Shugaba, ga takarda nan, a fara rubuta sunayen masu ɗaukar watan farko.