Amsoshin Takardunku: Dash Gudu Ne Ko Kyauta?

Takardarmu ta yau ta fito daga wani ɗan kasuwa a Sara, ƙaramar hukumar Gwaram. Ya ce ɗansa da ke makarantar sakandare a Birnin Kudu ya gamu da jimlar "he dashed to the market" a jarrabawa, ya fassara ta da cewa mutumin ya yi kyauta a kasuwa, malami ya ba shi sifiri. Shi kuwa uban ya ce shekara ashirin yana ciniki da mutanen Kudu, bai taɓa jin dash na nufin wani abu ban da kyauta ba. Yana tambaya, ya je ya kai ƙarar malamin?

To, Alhaji, kada ka je. Malam yana da gaskiya.

A Turancin littafi, dash shi ne mutum ya zabura ya sheƙa a guje, gudu na gajeren zango. Kamar a ce awaki sun faɗa maka gonar wake ka yi wuf ka ruga. Wanda ya tashi daga Gwaram zuwa Kano da sassarfa ba a ce ya yi dash ba, dole sai da zabura.

Kalmar tsohuwa ce, tana cikin Ingilishi tun wajejen shekarar 1300, kuma ma'anarta ta fari ita ce fyaɗa abu da ƙarfi, yadda za ka maka tulu da ƙasa. Har yau Bature kan ce an yi dash da burinsa, wato an wargaza shi. Direbobinmu na hanyar Wudil ma suna ambatonta kullum ba su sani ba. Dashbod ɗin mota asalinsa katako ne a gaban keken doki, mai tare taɓon da kofato ke fallatsowa. Doki ya tafi, suna ya zauna.

Naka dash ɗin kuwa, Alhaji, na Turancin buroka ne, wanda Bahaushe ya mayar dashi. Ya taso ne daga bakin tekun Afirka ta Yamma sama da shekara 200 da suka wuce, wajen ciniki da Turawa. Wasu masana na danganta shi da harshen Fotugal, wasu da harsunan ƙasar Gana. Idan mai sayen riɗi ya ce maka "dash me", gyara yake nema. Wani lokaci tukwici ne, wani lokacin kuma, mu faɗi gaskiya, na goro ne irin wanda ake miƙawa a shingen hanya.

Ga yadda yaron zai bambance. Idan mutum da kuɗi ko kaya suka biyo bayan kalmar, kyauta ce, kuma wannan a bar shi a kasuwa, masu gyaran jarrabawa ba sa karɓa. Idan "to", "out" ko "across" suka biyo baya, gudu ne. A takarda, in kyauta yake nufi, ya rubuta "gave".

Alhaji, a gaida mana mutanen Sara.