Maganin Ciwon Gaɓɓai: A Sha Da Lura



Uwargida, in sanyin ƙashi ya kama miki gwiwa, likita ya rubuta diclofenac ko ibuprofen, ki sani suna rage zogi da kumburi, amma ba sa son ganganci. Ki sha bayan cin abinci, daidai yadda aka rubuta. Kada ki haɗa biyun, domin aikinsu ɗaya; haɗa su na jawo gyambon ciki, yana kuma taɓa ƙoda. Haɗin maganin gajiyar nan na 'yan talla, bar shi, ba ki san abin da ke ciki ba.

Tunda aike kike yi, ba ɗan aike takardar likita ya kai kemis, ban da "a ba ni na ciwon jiki". Kada ki sam wa Inna naki. Tsofaffi ya fi yi wa illa.

Mai hawan jini ko olsa, faɗa wa likita tun farko. Mai juna biyu kuwa, a 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin a guje shi daga mako 20.

In kika ga bahaya baƙi ƙirin ko aman jini, dakatar da shi, maigida ya kai ki babban asibitin Birnin Gwari ran nan.

Allah ya ƙara mana lafiya.