KUMBURIN NONO: DALILIN DA YA SA LIKITA KE NEMAN HOTO

Wannan jawabi ya shafi kowane gida mai mace, domin kumburin nono ba baƙon ciwo ba ne.

Mafi yawan kumburin yakan sami mata masu shayarwa, watau idan ruwan nono ya taru ko ƙwayoyin cuta suka shiga ta tsagewar kan nonon. Wurin yakan yi ja, ya yi zafi, zazzaɓi ya biyo baya. Irin wannan yana jin magani, kuma ba ya hana a ci gaba da ba jariri nono. Idan aka yi sakaci kuwa, sai mugunya ta taru a ciki.

Amma kama da wane ba wane ba ne. Akwai wata irin sankarar nono wadda ba safai take yin ƙullutu ba. Ita ma ja take yi da kumburi da zafi, fatar ta yi kauri kamar ɓawon lemo, wani lokaci kaluluwa ta fito a hammata. Tana yaɗuwa cikin makonni ko watanni kaɗan. Tarin fuka ma yakan kama nono. Ido da hannu kaɗai ba su isa su rarrabe waɗannan cututtuka ba, shi ya sa likita ke neman hoto.

Hoton farko shi ne sikanin, wanda ke aiki da sautin da kunne ba ya ji. Ba ya cutar da mai ciki ko mai goyo. Yana nuna ko mugunya ce ko tsiro, kuma da shi likita ke ganin inda zai sa allura ya zuƙe mugunyar ba tare da an tsaga ba. Na biyu shi ne mamogiram, mai amfani da ɗan hasken eksire, wanda Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus cikin 1895. An fi yin sa ga matan da suka kai shekara 40. Idan hoto ya nuna abin shakka, tilas a ɗebi ɗan nama a auna, domin awon ne ke tabbatar da sankara.

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a 2022 mata fiye da 32,000 suka kamu da sankarar nono a Nijeriya, kuma da yawa ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci jiki.

Saboda haka, matar da ta sha maganin asibiti mako ɗaya ko biyu kumburi bai sauka ba, lalle ta koma. Wadda ba ta shayarwa kuwa, kada ta jira ko kaɗan. A guji sakiya da tsagar wanzami. Matan Kuchigoro su fara da cibiyar lafiya ta matakin farko da ke garinsu, su karɓi takardar turawa zuwa Asibitin Tarayya na Jabi ko Asibitin Ƙasa na Abuja, wanda aka buɗe a 1999. Na sauran jihohi su nufi babban asibiti mafi kusa.

Magidanta su ba da izini da kuɗin mota da na hoto ba tare da jinkiri ba. Wadda ke jin nauyi tana iya roƙon ma'aikaciya mace ta tsaya tare da ita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu lafiya, amin.