Rage Fargaba da Matsa wa Kai: Jawabi ga Iyalai a Unguwar Mahdiya, Sabha



Maganarmu ta yau a kan fargaba ce, da matsa wa kai da wasunmu ke yi, wai dole komai ya tafi daidai, babu kuskure ko ɗaya. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a yankunan da yaƙi ya shafa, kusan mutum ɗaya cikin biyar na fama da fargaba, baƙin ciki mai tsanani ko wata lalura makamanciyarsu. Saboda haka wanda abin ya sama kada ya ji kunya.

Wasunmu sun ratso sahara ta Agadas da Dirku da Gatrun kafin su iso nan. Wasu kuma faɗan da aka yi a Sabha a 2012 da 2014 da 2018 ne ya raba su da gidajensu. A irin wannan hali jiki yakan koyi darasi: barci sama-sama, auna ruwan jarka, kiyaye baki a shingen bincike. Darasin nan ya ceci rayuka, kuma har yau taka-tsantsan a kan titi wajibi ne. Inda matsalar take, jiki yakan shigo da darasin har cikin ɗaki. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Shi ya sa uwa take dukan yaro don ya zubar da kofin ruwa, ta koma gefe tana kuka. Shi ya sa magidanci yake wata uku bai kira gida Maraɗi ko Damagaram ba, wai sai ya tara dinarin da zai aika, alhali mahaifiyarsa muryarsa take jira. Mukan ce hali zanen dutse. Amma wannan sabo ne da wahala ta koya mana, kuma abin da aka koya ana iya sauya shi.

Ga abubuwa huɗu da za mu gwada.

Na farko, in gabanki ya faɗi, tsaya ki tambayi kanki: haɗarin yana nan yanzu, ko na baya ne ya dawo mini?

Na biyu, numfashi. Ka ja iska ta hanci kana ƙirga uku, ka sake ta a hankali kana ƙirga uku. Ka yi haka na minti biyu bayan sallar asuba da kuma kafin barci, don jiki ya saba tun kafin a buƙata.

Na uku, a zaɓi ƙaramin abu ɗaya a wannan mako a yi shi ko bai cika ba. Ka kira gida ko ba ka da abin aikawa. Ki bar 'yarki ta yi shara ko ba ta kai taki kyau ba. Daga nan a duba: abin da ake tsoro ya faru? Da haka zuciya take koyon cewa da babu gara ba daɗi.

Na huɗu, a ware wa tunani lokacinsa, kamar minti goma bayan la'asar. Abin da ke da mafita a ɗauki mataki ɗaya a kansa, wanda ya fi ƙarfinmu a kai shi ga addu'a.

Tsohon sabo zai riƙa leƙowa, musamman ranar da aka ji ƙarar bindiga. Kada a karaya, a sake farawa.

Wanda ya yi makonni ba barci, ko ya kasa cin abinci, ko tunanin cutar da kansa yake zo masa, ya sami ma'aikacin lafiya ko ɗaya daga cikinmu yau ɗin nan. Abin da kuka faɗa mana amana ne.

Allah Ya ba mu kwanciyar hankali, Ya sada mu da danginmu lafiya.