Tsallaka Kogi Don Neman Ajin Kimiyya

Laccar da aka gabatar a wani taron iyaye da malamai a Kakuri, Kaduna



'Yar ƙanwata ce ta jawo maganar da zan yi yau. Tun tana firamare ba ta da zance sai ita likita za ta zama. Ta gama ƙaramar sakandare a wata makaranta ta nan gefenmu, wadda ba zan kama sunanta ba, aka sa ta a ajin kimiyya, kowa ya yi murna. Zango guda ya ƙare ba ta ga malamin fiziks ba, domin ɗan bautar ƙasar da ke riƙe da darasin ya gama shekararsa ya tafi. Uwarta ta ce, "Yaya, kai ka san harkar nan, je ka duba mana." Na je na roƙi a nuna mini ɗakin gwaje-gwaje. Sai da aka yi cigiyar mabuɗi, sannan maigadi ya yi ta kokawa da kwaɗon da ya yi tsatsa. A ciki akwai dogayen tebura masu famfo, amma ko ɗigon ruwa babu. Kwalabe na jere a kanta da sunayensu a jiki, cikinsu wayam. A kusurwa an jibge karyayyun kujeru. Malamin kemistiri, mutum mai ƙoƙari, ya nuna mini yadda yake zana kayan gwajin a allo da alli, ya ce wa yara su ɗauka ruwan ya sauya launi.

Ga inda gizo ke saƙar. Mai neman karatun likita, JAMB za ta tambaye shi Turanci da fiziks da kemistiri da bayoloji. Mai neman injiniya, Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri. Jami'a kuma tana son kiredit biyar, har da Turanci da lissafi. A WAEC da NECO darussan kimiyya suna da takardar gwaji a aikace. Yaron da bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba sai ranar jarrabawa, an yi masa sakiyar da ba ruwa. Saboda haka uban da ya ce zai ɗauke ɗansa ya kai shi inda akwai malami da kayan aiki ba ƙyale-ƙyale yake nema ba.

A Amurka adireshin gida ne ke zaɓa wa yaro makarantar gwamnati, mai son wata daban sai ya nemi izini a rubuce. Mu a nan ba adireshi ne ke ɗaure mu ba. Kogin Kaduna ne ya shata mana iyaka, mu kuma muka taimaka masa. Dattawan da ke zauren nan sun san Kakuri lokacin da masaƙar KTL, wadda ta fara aiki a 1957, da ta UNTL da ta Arewa ke busa jiniya, ga kamfanin harhaɗa Peugeot da ya zo a 1975. Bahaushe da Bajju da Tibi da Bayarabe suna haya a gida ɗaya, 'ya'yansu suna benci ɗaya a aji. Rikicin shekarar 2000, da na 2002, da na bayan zaɓen 2011, su suka sa kowa ya kwashi kayansa ya nufi inda yake ganin nasa suke. Masaƙu suka rufe, aljihun unguwa ya bushe. Yau sai ka sami yaro ɗan shekara goma sha biyar a Narayi ko Sabon Tasha wanda bai taɓa taka Kawo ba, ka sami sa'ansa a Unguwar Dosa wanda Barnawa a labari kawai ya san ta.

Alhali tafiya neman ilmi ba baƙon abu ba ne a gare mu. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921 ta ɗauko Ahmadu Bello daga ƙasar Sakkwato da Abubakar Tafawa Ɓalewa daga Bauchi. Ita kanta makarantar ba ta zauna wuri ɗaya ba: ta dawo Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977 bisa wannan tunani, wato a tattara malamai da kayan aiki wuri guda, a kawo yaran da suka ci jarrabawa daga ko'ina. A garin nan kuma akwai Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Malali tun 1973. Kada mu manta, tsallakawar ba ta fuska ɗaya ba ce. Kwalejin Sarauniya Amina da ke bayanmu, wadda 'yan mishan Katolika suka kafa da sunan Queen of Apostles kafin gwamnati ta karɓe ta a farkon shekarun 1970, ta daɗe tana karɓar 'yan mata daga hayin arewa da ma wasu garuruwa.

To, mun yanke shawarar mai da yarinyar nan wata makarantar jeka-ka-dawo a tsallake. Kafin a biya ko kwabo na ce sai na bi hanyar da ƙafata, a ranar aiki, a lokacin da za ta riƙa bi. Wannan shawara ita ce mafi tsada da zan ba ku yau, kuma kyauta ce. Mun fito da duhun asuba, sanyin hunturu na ratsa riga. Keke Napep zuwa bakin titi, bas zuwa Kasuwa, can kuma a sake wata motar. A bakin gada, kafin shataletalen filin wasa na Ahmadu Bello, muka tarar da cunkoso. Kusa da ni wani yaro ne cikin kayan makaranta, ya jingina kai da gilashi yana barci, littafin lissafi a buɗe a cinyarsa, ƙosai a leda a hannunsa bai ko ci ba. Da kwandasta ya taɓa shi ya ce a kawo kuɗin mota, firgigit ya farka yana tambayar ko an wuce Kasuwa. Na lissafa, zuwa da dawowa mun ba hanya kusan awa uku. Ku ninka wannan sau biyar a mako, har shekara uku. Lokacin da za ta yi bitar fiziks ɗin da muka tsallaka dominsa, a mota za ta ƙarar da shi. Kuɗin mota kuwa, tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, ba sai na faɗa wa kowa a nan ba. Titin Yakowa ya rage wa mutanen Kamazou da Sabon Tasha wahala, amma ba kowa ne ke da motar da zai bi ta can ba.

Wani zai ce a kai ta makarantar kwana a huta. A da haka muke yi. Amma tun daren 5 ga Yulin 2021, da aka kwashe ɗalibai sama da ɗari daga makarantar Bethel Baptist a kan hanyar Kachia, uwar da ta ce ɗanta ba zai kwana a bayan gari ba, ban da bakin da zan ce mata ta yi kuskure. Mu dai dabarar da muka yi ta iyayenmu ce: yarinyar ta zauna wurin gwaggonta a tsallake daga Litinin zuwa Juma'a, ta dawo gida ƙarshen mako. Riƙo yana da nasa ƙaiƙayin, na sani. Sai da muka zauna aka yi magana baki da baki cewa ɗaliba aka kawo, ba 'yar wanke-wanke ba.

Game da lokacin sauya makaranta, ƙofar ita ce shiga SS1. Nan ake raba yara zuwa kimiyya da adabi da kasuwanci, nan kowa yake baƙo. Daga SS2 abin ya fara wuya, domin makin gwajin aji na shekarun babbar sakandare yana cikin abin da makaranta ke tura wa hukumar jarrabawa, kuma ba lallai ne makarantun biyu su kasance a babi ɗaya na manhaja ba. Sauyi a SS3 kuwa, mu faɗa wa juna gaskiya, galibi ba malami ake nema ba. Inda ake rubuta wa yara amsa a allo ake nema. Na ga masu irin wannan kiredit tara suna zare ido a ajin farko na jami'a.

Idan kun je duba makaranta, kada fentin ƙofa da jerin sunayen tsofaffin ɗalibai su ɗauke muku hankali. Ministan da ya yi karatu a wurin shekara arba'in da suka wuce ba shi zai koyar da ɗanku ba. Ku ce a nuna muku malamin fiziks ido da ido, ku tambaye shi shekararsa nawa a wurin. Ku karɓi littafin gwaji na wani ɗan SS2 ku buɗe: in kun ga tabon sinadari da lambobin da aka soke aka sake rubutawa, ana aiki, in ya yi fes kamar an goge, daga allo aka kwafa. Ku buɗe famfon ɗakin gwaji. Sannan ku tambayi yaron kansa, domin na taɓa ganin uba ya tsallaka da yaro zuwa ajin kimiyya, alhali zuciyar yaron tana wurin tarihi da adabi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sauran 'yan ajin da muka baro. Mu muna da gwaggo a tsallake, yawancinsu ba su da ita, kuma har yanzu suna kallon zanen alli. Shugaba, ina da roƙo ɗaya ga wannan taro. A ba mutum biyu-biyu kowace sakandaren gwamnati daga Makera zuwa Gonin Gora, su je su ƙirgo mana malaman fiziks da kemistiri da lissafi na dindindin, su duba ko ɗakin gwaji na buɗewa. Mu haɗa takarda ɗaya, limami da fasto su sa hannu, a kai Ma'aikatar Ilmi. Ni na ɗauki makarantun Kakuri, ina neman wanda zai raka ni ranar Talata.