Kunun Yaro: Jawabi ga Iyaye a Unguwar Briqueterie, Yawunde

Mun gode da kuka bar sana'o'inku kuka zo. Da waɗanda aka haifa a nan Briqueterie, da 'yan'uwanmu da rikici ya koro daga Afirka ta Tsakiya ko Najeriya, magana ɗaya ce ta tara mu: abin da yaro ke ci kafin ya cika shekara 2.

Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Kamaru a 2018 ya gano cewa yara 29 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Mukan ji ana cewa gajarta gado ce. To, daga 1997 zuwa 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta auna yara a ƙasashe 6: Ghana, Indiya, Oman, Brazil, Norway da Amurka. Ta tarar cewa in yara sun sha nono, sun ci da kyau, sun samu kulawa, girmansu kusan iri ɗaya ne ko ina aka haife su. Daga wannan aikin aka fitar da ma'aunin girman yara a 2006. Ashe yawancin tsumburewa daga ƙarancin abinci da yawan ciwo take.

Daga haihuwa zuwa wata 6, nono zalla, ko ruwa ba a ba yaro. Ruwan da yake bukata yana cikin nonon. Da ya cika wata 6 sai a fara ba shi abinci, a kuma ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye.

A nan ne muka fi ganin matsala. Kunun masara mai ruwa-ruwa yana cika cikin yaro, amma ba ya gina jiki, ga shi cikin nasa ƙarami ne. Ku dama shi da kauri, yadda zai tsaya a cokali. Ku zuba garin gyaɗa ko na waken soya da aka soya, ko garin busasshen kifi, da ɗan manja. Ku dama dafaffen ƙwai, ko ganyen zogale, ko ayaba, ko gwanda. Daga wata 6 zuwa 8, sau 2 zuwa 3 a rana. Daga wata 9, sau 3 zuwa 4, da ɗan abin taɓawa a tsakani. Kada a ba shi zuma kafin shekara 1. A wanke hannu da sabulu, a ba shi kwanonsa shi kaɗai don a san abin da ya ci.

Iyaye maza, mun san aljihu ya yi sanyi. Amma unguwar nan ta yi suna da tsire a duk Yawunde. Tsoka ɗaya ko ɗan hanta, a dafa a daka, yana taimakon jinin yaro ƙwarai.

Za mu koya muku awon dantse da ɗan zaren nan mai launi. Kore, lafiya lau. Rawaya, a zo a ga ma'aikacin lafiya. Ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko kumburin ƙafafu biyu, a tafi asibiti a ranar. Tamowa tana da magani, kuma ba abin kunya ba ce. Madarar gyaɗar da ake bayarwa magani ce ta yaron da aka rubuta wa, ba a raba ta, ba a sayar da ita.

Ku riƙa zuwa awo da katin yaro, a duba rigakafinsa, a ba shi bitamin A duk wata 6. Wadda take da tambaya, ta tsaya bayan addu'a. Allah Ya raya mana su.